Yadda Za Ka San Masu Leƙa Shafinka Na Intanet

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, yana tambaya: yaya zai san ko jama'a na leƙa shafin da yake tallar kayansa?

To Malam, kamfanin da ke ajiye maka shafin yakan ba ka cPanel. Shiga ka nemi Awstats, za ka ga yawan baƙi na kowace rana da ƙasashen da suka fito. Sannan ka buɗe Errors, nan ake jera matsaloli 300 na baya-bayan nan. Lambar 404 na nufin abin da baƙo ya nema babu shi. 500 kuwa tangarɗa ce daga na'urar da ke riƙe da shafin, sai ka tuntuɓi kamfanin.

Riƙa dubawa duk mako, domin mai saye in ya tarar da rumfa a rufe, ta maƙwabci zai nufa.