Sulhun Iyakar Najeriya da Kamaru: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Me ya jawo rigimar?

Iyakar Najeriya da Kamaru ta kai kimanin kilomita 2,000, tun daga Tafkin Chadi har bakin Tekun Atlantika. Turawan mulkin mallaka ne suka shata ta a takarda, a ƙasa kuwa galibi babu alamar da za ta nuna maka inda ta bi. Wurare biyu suka fi zafi: Bakassi a kudu, mai arzikin kifi da mai, da yankin Darak a tafkin. A Darak ruwa ne ya ja baya, masunta daga Najeriya, ciki har da Hausawa, suka bi shi suka kafa ƙauyuka a inda taswira ta ce Kamaru ce.

Bayan sojoji sun gwabza a Bakassi, Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994. Ranar 10 ga Oktoba, 2002, kotun ta ba ta Bakassi da Darak.

Tunda kotu ta yanke hukunci, ba shi ke nan ba?

A'a. Kotun Duniya ba ta da 'yan sandan da za su tilasta wa wata ƙasa bin hukuncinta. Shi ya sa Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya zaunar da shugabannin ƙasashen biyu, Obasanjo na Najeriya da Paul Biya na Kamaru, suka kafa hukumar haɗin gwiwa a Nuwamban 2002. Wato wakilan ƙasashen biyu su riƙa zama tare, wakilin Majalisar yana shugabanta, ana warware matsaloli ɗaya bayan ɗaya.

A ƙarshen 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyukan tafkin. A Yunin 2006 aka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a Amurka, aka kammala miƙa Bakassi ranar 14 ga Agusta, 2008, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Yaya ake shata iyaka?

Safiyoyin ƙasashen biyu, wato masu awon ƙasa, suna takawa tare har su amince da wuri, sannan a kafa turken siminti. Aikin yana da haɗari: a farkon 2017 an kashe mutum biyar daga cikin ma'aikatansa a kusa da garin Kontcha na Kamaru.

Mutanen wurin fa?

Nan ne ya fi kamata ka sa ido. Turke yana iya raba manomi da gonarsa, ko ya bar makaranta a wata ƙasa, ɗalibanta a wata. Yarjejeniyar Greentree ta ce ba za a kori 'yan Najeriya mazauna Bakassi ba, ba za a tilasta musu sauya ƙasa ba, kuma za a bar su da harshensu da sana'arsu ta su. Duk da haka dubbai sun tashi sun koma jihar Kuros Riba, kuma da yawansu sun shafe shekaru suna kukan rashin matsuguni na dindindin. Masuncin da aka ba shi ɗaki nesa da ruwa, da me zai ci da iyalinsa?

Sake gina garuruwan iyaka yana nufin rijiyar burtsatse, asibiti, makaranta, hanya, da kasuwar da mutum zai ci ba tare da an tatse shi a shinge ba. A ganina an fi ba turakun muhimmanci a kan waɗannan, kuma wannan kuskure ne babba.

Wa ke biyan kuɗin?

Ƙasashen biyu sun zuba kuɗi a wani asusu da Majalisar ke kula da shi, Tarayyar Turai da Birtaniya da Kanada suka tallafa. Aikin shata iyaka aka ware wa wannan asusu. Ruwan sha da makarantun ƙauyukan iyaka kuwa, nauyinsu yana wuyan gwamnatocin biyu, kuma su ya kamata ka tambaya.