Daga Ƙofar Bature Zuwa Ƙofar Wambai: Ledar Sadaka Da Cinikin Gwanjo

A garuruwan ƙasar Birtaniya, abu ne da aka saba gani magidanci ya tashi da safe ya tarar an zuro masa wata leda a naɗe ta kafar wasiƙa da ke jikin ƙofarsa, alhali bai nema ba. A jikin ledar akwai sunan wata ƙungiyar agaji, da roƙon ya zuba tufafin da ya daina sawa, ya ajiye a bakin ƙofa ranar kaza, mota za ta zo ta kwashe. Wani gidan yakan sami irin wannan leda fiye da ɗaya a mako guda, kuma kowace da sunan da ta zo da shi: wannan ta masu ciwon daji, waccan ta marayu, wata kuma ta matalautan wata ƙasa mai nisa.

Da yake ledojin sun fi tufafin da za a bayar yawa, jama'a sun samo masu wani amfani. Wasu suna juya ledar su shimfiɗa ta cikin kwandon shara, wasu su adana barguna a ciki, wasu kuma su cika ta da tufafin su kai da kansu shagon ƙungiyar da suka amince da ita. Wannan ɗabi'a ta daɗa ƙarfi bayan da aka sa wa ledar kanti farashi a Ingila a watan Oktoba na 2015, kwabo 5 na kuɗin ƙasar, aka kuma ɗaga shi zuwa kwabo 10 a 2021. Ledar da ta shigo gida kyauta ta zama abin tattali. Wasu ƙungiyoyi sukan roƙi a mayar da ledar bakin ƙofa ko da babu komai a ciki, domin su sake rabawa, to sai dai sau da yawa haka take kwana a waje har iska ta yi gaba da ita.

Amma abin da ya fi damun masu bayarwa ba ledar ba ce, a'a, wanda ya aiko da ita ne. Masu raba ledojin nan sun kasu gida uku. Kashi na farko su ne ƙungiyoyin agaji masu motocinsu da shagunansu, waɗanda suke sayar da kayan su yi aikin taimako da kuɗin. Kashi na biyu kamfanoni ne na kasuwanci da suka ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya: su ɗauki sunanta su buga a leda, su kwashe kaya su sayar, sannan su biya ta wani abu a kan kowane ton. Wannan halal ne a doka, muddin an bayyana gaskiya. Kashi na uku kuwa 'yan damfara ne, masu ƙirƙiro sunan da ya yi kama da na agaji, ko su kwaikwayi tambarin ƙungiya ta gaskiya, ko kuma su yi sammako su riga motar ƙungiyar kwashe ledojin da aka ajiye.

Dokar ƙasar ba ta yi shiru ba. Tun 1939 akwai dokar da ta wajabta wa mai tara sadaka gida-gida a Ingila da Wales ya sami lasisi daga ƙaramar hukuma, in ban da wasu manyan ƙungiyoyi da gwamnati ta ba takardar sassauci. Haka kuma doka ta tilasta wa kamfanin da yake tara kaya da sunan wata ƙungiya ya faɗi abin da zai shiga hannun ƙungiyar. Kowace ƙungiya mai rajista tana da lambarta, wadda kowa zai iya dubawa a kundin hukumar kula da ƙungiyoyin agaji. A 2016 kuma an kafa wata hukuma ta musamman mai sa ido kan hanyoyin tara gudummawa. Saboda haka alamomin da ake gargaɗin jama'a su lura da su sanannu ne: leda mai lambar rajistar kamfani a maimakon ta ƙungiyar agaji, ko mai lambar wayar hannu kaɗai ba adireshi, ko mai daɗin baki game da taimakon mabukata ba tare da ambaton ko wace ƙungiya ba.

Ko a tsakanin masu bin doka ma akwai ƙorafi. A 2011 gidauniyar British Heart Foundation, mai ɗimbin shagunan kayan hannu a ƙasar, ta koka da cewa mafi yawan kayan da ake tarawa ta wannan hanya ba sa isa shagunan agaji, ana sayar da su ne a ƙasashen waje, rabon ƙungiyoyin kuwa bai taka kara ya karya ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san lissafin kasuwa. Kamfanin yana samun hajarsa kyauta. Abin da yake kashewa shi ne kuɗin buga leda, da man mota, da ladan ma'aikata. Sunan ƙungiyar agaji shi ne jarin da yake buɗe masa ƙofofin gidaje. Ɗan damfara kuwa ko wannan ɗan hayar sunan ba ya biya, don haka duk lokacin da farashin tsofaffin tufafi ya tashi, sana'arsa takan yi armashi.

Daga bakin ƙofa, kayan sukan wuce rumbunan tantancewa, wasu a Birtaniya, wasu a Gabashin Turai, ko Dubai, ko Pakistan. A can ake ware su aji-aji, a matse su da inji a ɗaure dila-dila, kowace dila mai nauyin kilo 45 zuwa 55 a galibi, a loda a kwantena. A nan ne labarin ya iso gida, domin Afirka ta Yamma tana cikin manyan masu sayen wannan haja. Nijeriya ta daɗe da sanya gwanjo cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, amma shekara da shekaru diloli suna sauka a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, su ratso iyaka ta hanyar fasa-ƙwauri, wasu ta Seme, wasu su zagayo ta Jamhuriyar Nijar. Rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 bai kawo ƙarshen cinikin ba. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, da Katangowa a Legas, da kasuwannin Aba, duk shaida ne.

Ɗan gwanjo ba ya ganin cikin dila sai ya biya ya yanke ɗaurin. In ya yi sa'a ya tarar da kaya na ɗaya, ya mayar da uwar kuɗi har da riba. In ya tarar da tsumma, jarinsa ya karye, ba kuma wanda zai kai wa ƙara. Yadda aka tara kayan tun asali, da yadda aka tantance su, shi yake yanke wannan hukunci, ga shi kuma yawaitar tufafi masu araha marasa ƙarko a Turai ta rage ingancin abin da ake zubawa a leda. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akra, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 suke shigowa a kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari suna ƙarewa a juji. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Gana ta musanta wannan adadi, tana cewa sharar ba ta kai ko kusa da haka ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna muhawara kan ribar wannan ciniki da hasararsa. Wani bincike da Garth Frazer ya wallafa a 2008 ya ɗora wa shigo da gwanjo alhakin kimanin kashi 40 cikin ɗari na raguwar ɗinkin tufafi a masana'antun Afirka tsakanin 1981 da 2000. Amma durƙushewar masaƙu irin su Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ba laifin gwanjo kaɗai ba ne. Akwai rashin wutar lantarki, da tsofaffin injuna, da yadudduka masu araha daga Asiya. A ɗaya gefen kuma, gwanjo ne suturar mai ƙaramin ƙarfi, musamman lokacin hunturu, kuma shi ne abincin dillalai, da masu wanki da guga, da teloli masu gyara, da 'yan talla.

Ƙasashen da suka yi yunƙurin toshe ƙofar sun ga abin da ya biyo baya. A 2016 ƙasashen Gabashin Afirka suka ƙudurta hana shigo da gwanjo, Amurka ta yi barazanar janye masu rangwamen ciniki na shirin AGOA, Kenya da Uganda da Tanzaniya suka ja da baya, Ruwanda ta dage, aka dakatar da rangwamen tufafinta a 2018. A 2024 kuma Faransa da Denmark da Sweden suka nemi Tarayyar Turai ta tsaurara ƙa'idar fitar da tsofaffin tufafi zuwa waje.

Ga ɗan kasuwar da abincinsa yake cikin dila, abin lura shi ne cewa farashi da ingancin hajarsa a hannun wasu suke, tun daga magidancin da ya tsaya yana juya leda yana tunanin ko ya ba da rigarsa, ko ya zuba shara a ciki. Duk sa'ad da amanar mai bayarwa ta raunana, kaya masu kyau sukan koma shagunan agaji ko a sayar da su ta intanet, ragowar ita take cika kwantena. Saboda haka sanin wanda ya ɗaure dila, da inda ya samo kayan, ya zama wajibi kamar sanin farashin dala.