"Step aside" da "step down": bambancin da ke cikin saukar shugabanni

A watan Agustan 1993, bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, Janar Ibrahim Babangida ya ce zai "step aside". Bai ce "step down" ba.

A Turanci, ƙaramar kalmar da ke bin aikatau takan juya ma'anarsa. "Step" taku ne. "Step down" sauka ce daga muƙami, wato murabus. "Step aside" kuwa matsawa gefe ce: mutum ya ba wani wuri, amma bai yi alkawarin barin fagen ba. Babangida ya miƙa mulki ga gwamnatin wucin gadi ta Ernest Shonekan, kuma a 2010 ya fito neman takarar shugaban ƙasa a PDP.

Idan aka ƙara "for", ma'anar ta koma janyewa: haka Aminu Tambuwal ya janye wa Atiku Abubakar a zaɓen fidda gwani na PDP a Mayun 2022. A majalisa kuma, ƙudurin da aka yi wa "step down" jingine shi aka yi, ana iya dawo da shi.

Saboda haka, fassara su duka da "murabus" kan ɓoye wa mai karatu ainihin abin da ɗan siyasa ya ɗauki alkawarinsa.