Ƙasar Asante da Haƙƙin Baƙo

Tun da Turawan Ingila suka mayar wa Asantehene, Sarkin Asante, filayen Kumasi a 1943, mutumin Zango, ko da kakansa ne ya kafa gidan a zamanin fataucin goro, haya yake zaune ta wa'adi, domin asalin mulkin ƙasar na gadon sarautar Asante ne. Al'amarin ya fi tsanani a ƙauye, inda ɗan'uwanmu yake noman koko bisa sharaɗin abusa, wato sulusin amfani nasa, da alkawarin baki kawai, har in mai gona ya rasu magada su kore shi. Dokar Filaye ta 2020 ta wajabta wa masarautu buɗe ofishin rubuta irin waɗannan haƙƙoƙi, kuma ya kamata malamanmu su bayyana ta a masallatai.