3.4 Nawar Rumbun Bayanai: Gano Musabbabi da Hanyar Gyara

Rumbun bayanai mai alaƙa, wanda E. F. Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa tsarinsa a shekarar 1970, yana ajiye bayanai ne a cikin jadawalai masu layuka da ginshiƙai. A wannan sashe za a duba abin da kan sa irin wannan rumbu ya yi nawa, ta hanyar ɗaukar misalin rajistar ɗalibai a makaranta kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983.

Da zarar ɗalibi daga Shinkafi ko Zurmi ya kasa kammala rajista, akan ce kwamfutar da ke riƙe da rumbun ce ta tsufa. Wannan hukunci ne na gaggawa. Abu na farko shi ne a bambanta nawar intanet da nawar rumbun kansa, wato a aika tambayar daga kan kwamfutar a auna lokacin da ta ɗauka. Idan a nan ma ta jinkirta, sai a yi amfani da umarnin EXPLAIN, wanda ke cikin MySQL da PostgreSQL, domin ya nuna hanyar da rumbun ke bi wajen nemo amsa. Sau da yawa akan tarar yana karanta jadawalin ne layi-layi tun daga farko har ƙarshe, saboda rashin fihirisa, tamkar mai neman kalma a ƙamusun da ba a jera shi bisa abacada ba.

Sai dai ba kowane ginshiƙi ne ya cancanci fihirisa ba. A ƙasar Hausa sunaye irin su Muhammadu da Abubakar da A'isha suna maimaituwa ƙwarai, kuma mutane da dama kan ɗauki sunan garinsu a matsayin suna na biyu. Don haka fihirisar suna ba ta rage layukan da za a bincika sosai. Ga kuma saɓanin rubutu: wani ya rubuta Ƙaura, wani Kaura, alhali a wurin na'ura ƙ da k haruffa ne mabambanta. Lambar rajista ta fi dacewa, tun da ba ta maimaituwa. Haka kuma yawan fihirisa na jinkirta shigar da sabon bayani, domin duk layin da aka ƙara sai an sabunta kowace fihirisa, kuma a makon rajista shigarwa ce ta fi yawa.