Kafin Ka Sayi Waya Ta Hannu, Ka San Asalinta

Wayar salula ta shigo Nijeriya gadan-gadan a shekarar 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka soma aiki, a zamanin mulkin Cif Olusegun Obasanjo. A wancan lokaci sai wane da wane ke riƙe ta. Yau kuwa mai sayar da ƙosai a Ƙofar Doka da ɗan acaɓan da ke jiran fasinja a Babban Dodo duk da ita suke harkokinsu. Da ita ake aika kuɗi, da ita ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake jin lafiyar 'yan'uwa da ke nesa.

To, amma sabuwar waya a kwali ta yi tsada, don haka yawancinmu ta hannu muke saye. Wasu sukan sami tasu a shagunan da ke PZ a Sabon Gari, wasu a Tudun Wada ko Samaru, wasu kuma a hannun wani yaro da ya tare su a lungun birni ya ce kuɗi yake nema da gaggawa. Sayen kayan hannu ba abin kunya ba ne. Abin da ke damunmu shi ne yadda mutanen kirki ke faɗawa cikin wahala saboda wayar da ba su san asalinta ba. Wani ya kwana a ofishin 'yan sanda, wani kuma ya kai gida ya tarar wayar ta kulle kanta, kuɗinsa sun bi ruwa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayani dalla-dalla.

Yadda mai saye ke shiga hannu

Kowace waya tana da lambar shaida tata ta kanta, mai alƙaluma 15, wadda ake kira IMEI. Wannan lamba a jikin wayar take, ba ruwanta da layi. Duk lokacin da aka sa layi aka kunna waya, kamfanin sadarwa yana ganin lambar layin tare da lambar wayar. An soma rajistar layuka a shekarar 2011, sa'an nan a watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umarni a haɗa kowane layi da lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN. Ma'anar wannan ita ce, ranar da ka sa layinka a wayar sata, ka ɗora sunanka da hotonka a kanta ke nan.

Ɓarawo ya san haka sarai. Shi ba ya sa layinsa a ciki, kashe ta yake yi nan take ya neme mata kasuwa. Idan mai kaya ya kai ƙara aka bi sawu, wanda za a fara cimma shi ne wanda wayar ke aljihunsa, ko da hannu biyar ta bi kafin ta zo gare shi. Daga nan sai a ce ya nuna wanda ya sayar masa. In ya iya nunawa, da sauƙi. In kuwa amsarsa ita ce "wani yaro ne a bakin kasuwa", to, ya shiga uku.

Doka ba ta wasa da wannan al'amari. Tun a kundin hukunta laifuffuka na Arewa wanda ya fara aiki a 1960, karɓa ko riƙe kayan sata laifi ne mai kai mutum kurkuku, muddin ya sani, ko kuwa yana da dalilin da zai sa ya yi zaton na sata ne. A lura da wannan gaɓa ta biyu. Wanda aka ba shi babbar waya a rabin kuɗinta, da dare, ba kwali, ba rasit, zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa zuciyarsa ba ta raya masa kome ba. Abin ya fi muni idan an ji wa mai wayar rauni wajen ƙwacewa. A Kano, ƙwacen waya da wuƙa ya yi ƙamari har a watan Mayu na 2023 majalisar tsaro ta jihar ta ce za a ɗauke shi a matsayin fashi da makami. Wayar da aka ƙwace a Kano da safe kuwa tana iya isowa Zariya kafin azahar.

Kulle iri-iri ne

Ban da sata, akwai wayoyin da ke da kulle wanda ba a gani sai an biya kuɗi. Na farko shi ne kullen asusun mai ita. Kamfanin Apple ya shigo da shi a 2013: iPhone ɗin da ke ɗaure da asusun iCloud na wani ba za ta buɗu ba ko an goge ta, sai da kalmar sirrin mai asusun. Google ma ya kawo irin nasa a wayoyin Android a 2015. Saboda haka wayar Tecno ko Infinix ko Samsung da aka goge da ƙarfi takan tsaya tana neman adireshin Gmail na mai ita na farko.

Na biyu shi ne kullen bashi. Kamfanoni irin su Easybuy da M-KOPA suna ba da waya a biya kaɗan-kaɗan, kuma akwai manhaja a ciki da ke rufe wayar idan an daina biya. Marar gaskiya yakan karɓi irin wannan waya, ya biya kafin alƙalami, ya sayar da ita tana sheƙi. Sai bayan 'yan kwanaki ta rufe a hannun wanda bai ci nanin ba.

Na uku ya shafi wayoyin da ake shigowa da su daga waje, waɗanda 'yan kasuwa ke kira 'yan Landan. Wasu a ɗaure suke da kamfanin sadarwa guda na Amurka ko Ingila, ba sa karɓar layinmu. Wasu kuma masu su sun ba da rahoton sata a can, an sa lambarsu a jerin wayoyin da aka toshe. Kada a ɗauka duk abin da ya fito daga Turai halal ne. A watan Oktoba na 2025 'yan sandan Landan suka sanar da kama wani gungu da ake zargi da fitar da wayoyin sata har kimanin 40,000 zuwa ƙasar Sin cikin shekara guda. Ɓarayin waya ba su san iyakar ƙasa ba.

Abin da za a duba, bi da bi

Da farko a dubi mai sayarwa kafin a dubi wayar. Shin yana da shago ko wurin zama da za a same shi gobe? Iyayenmu a kasuwar birni ba sa sayen doki ko saniya sai ta hannun dillali sananne, domin la'adar da yake ci ita ce ta sa shi tsayawa a kan cewa dabbar ba ta sata ba ce. Wannan hikima ba ta tsufa ba. Mai shago da ke ba da rasit mai hatimi, ko mutumin da mai unguwa ya san gidansu, ya fi wanda ke sauri yana waige-waige, ko da za a ƙara wani abu a kan kuɗin.

Na biyu, a danna *#06# a wurin kiran waya. Lambar IMEI za ta fito nan take, kyauta, ko babu layi a ciki. Waya mai layi biyu takan nuna lamba biyu. A rubuta su a takarda. Sa'an nan a gwada su da lambar da ke jikin kwali, da ta rasit, da wadda ke cikin saitin wayar a sashen bayaninta. A wayoyin da ake cire batir, lambar tana ƙarƙashin batir. A wasu samfuran iPhone kuma tana jikin ɗan ƙarfen da ake ɗora layi. Dole duka su zama ɗaya. In sun saɓa, ko an kankare takardar, ko lambar ta ƙi fitowa, a ajiye wayar a yi gaba.

Na uku, a bincika lambar a intanet. Alƙaluma 8 na farko suna nuna kamfani da samfurin wayar, kuma ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ita ke raba su. Idan wayar da ke hannunka Samsung ce, bincike kuma ya ce lambar ta wata ƙaramar Nokia ce, to an sauya mata lamba, kuma mai gaskiya ba shi da dalilin yin haka. A Ingila ma tun 2002 aka yi dokar da ta mai da sauya wannan lamba laifi. Ita GSMA ɗin tana riƙe da jerin wayoyin da kamfanoni suka ba da rahoton an sace ko sun ɓata, akwai kuma wuraren bincike da ke duba wannan jeri, wasu kyauta wasu da 'yan kuɗi kaɗan. Wannan yana da amfani ƙwarai ga 'yan Landan. Sai dai mu yi hattara: in bincike ya ce lambar ba ta da tabo, abin da ya nuna kawai shi ne ba a kai rahotonta can ba. Wayar da aka zare daga aljihun wani a tashar Kwangila jiya da wuya a same ta a wannan jeri. Don haka binciken intanet ba ya ɗauke wa mutum neman rasit da sanin mai kaya.

Na huɗu, mai sayarwa ya buɗe wayar da hannunsa, ya cire asusunsa na Google ko na iCloud a gabanka da kalmar sirrinsa. Wanda ya ce ya manta, ko ya ce ta ƙanensa ce da ya yi tafiya, ko ya ce akwai yaron da zai buɗe maka a kasuwa, ya riga ya ba ka amsa. Bayan ya cire, a goge wayar gaba ɗaya a mai da ita kamar sabuwa, a haɗa ta da intanet ɗin shagon, a bi matakan shiga har a kai ga fuskar wayar. A nan ne kullen asusu ke bayyana, galibi kuma a nan manhajar masu ba da bashi ke nuna kanta. Wannan aiki yakan ci mintoci, amma wanda ya ƙi jira yana da abin da yake ɓoyewa.

Sai a ƙarshe, bayan hankali ya kwanta da duk waɗannan, za ka sa layinka ka gwada kira da saƙo da intanet. Mun ajiye wannan a ƙarshe da gangan. Mutane da yawa da shi suke farawa, alhali sa layi na minti biyu ma yana barin sawu a wurin kamfanin sadarwa, ko da ciniki bai faɗa ba. In da hali a gwada layukan kamfani biyu, domin a tabbata ba a ɗaure take da kamfani guda ba.

A rubuta, a sa hannu

Idan ciniki ya faɗa, a yi 'yar takarda. A rubuta cikakken sunan mai sayarwa, da unguwarsa, da lambar wayarsa, da samfurin wayar, da lambar IMEI, da kuɗin da aka biya, da kwanan wata. Shi da kai da shaidu biyu ku sa hannu. A ɗauki hoton katin shaidarsa. Ya fi kyau a biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan katin, domin wannan ma shaida ce da ba ta gogewa. Kada nauyin ido ya hana. Ko ɗan'uwa ne da kuke zama benci ɗaya a majami'a, a rubuta, gama shi ma wataƙila a hannun wani ya saya, takardar kuwa ku biyu za ta kāre.

Iyaye kuma su sa ido. Yaron da ba ya aikin kome ya shigo gida da waya mai tsada, a tambaye shi inda ya samo, a ga takarda. Ɗalibanmu da ke Samaru da Kongo da sauran makarantu sukan yi musayar wayoyi tsakaninsu kamar riga, ba rasit ba shaida, har ranar da za a zo a ɗauki wani daga ɗakin kwana.

Wanda kuma yake da waya yanzu, ya danna lambar nan yau, ya rubuta ta a wuri mai kyau, ya adana kwali da rasit. Ranar da ta ɓata, Allah ya kiyaye, abu na farko shi ne a sa banki ya rufe asusu, kamfanin sadarwa kuma ya rufe layi, domin ɓarayin yanzu kuɗin da ke banki suke hari ta hanyar layin fiye da wayar kanta. Daga nan sai a kai rahoto ga 'yan sanda tare da lambar.

Ba tsoron hukuma kaɗai ba

Akwai wata magana da ta wuce ta kama da beli. Dokar da ta hana mu sata tun muna yara muka haddace ta, amma sau da yawa mukan manta cewa ɓarawo ba ya cin waya, sayar da ita yake yi. Da babu mai saye da ya daina. Kowace waya mai arahar banza akwai wanda ya yi kuka a kanta: wata gwauruwa da ta tara kuɗin adashi ta saya, ko wani ɗalibi da aka sara a hannu a kan hanyarsa ta komawa gida. Hausawa sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, sun kuma ce araha ba ta ado.

Muna roƙon shugabannin matasa da na zumuntar mata, daga Wusasa har Sabon Gari, su ɗauki minti goma a taronsu su koya wa jama'a danna *#06# da rubuta takardar ciniki, musamman gabanin Kirsimeti lokacin da sayayya ke yawa. Wanda ya iya ya nuna wa maƙwabcinsa, Kirista ne ko Musulmi, domin ɓarawo ba ya tambayar addini kafin ya zura hannu a aljihu. Allah ya tsare mu da sayen wahala da kuɗinmu, amin.