Mujiya Mai Ido a Ƙeya: Kamanninta da Rayuwarta

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan yi wa mujiya kuɗin goro, ya ɗauke ta tsuntsuwar dare mai baƙin jini. Alhali kuwa mujiya iri-iri ce. Wannan maƙala za ta dubi wata 'yar ƙarama daga cikinsu, wadda masana ke kira Glaucidium perlatum. Masanin tsuntsaye Bafaranshe, Louis Vieillot, shi ya fara bayaninta a 1817. Ana samun ta a dazuzzukan da ba su da duhuwa, tun daga Senegal, ta Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar, har Sudan da Afirka ta Kudu.

2.0 Yadda Ake Gane Ta

Tsawonta bai wuce santimita 17 zuwa 21 ba. Kanta kewayayye ne, idanunta rawaya, bayanta ƙasa-ƙasa da ɗigo-ɗigon fari. Babbar alamarta ita ce baƙaƙen tabo biyu a ƙeya masu kama da idanu, ta yadda ko ta juya baya sai a zaci kallon mutum take yi.

Akan rikita ta da wata ƙaramar mujiya, Otus senegalensis. Sai dai waccan tana da tukkayen gashi biyu kamar kunnuwa, launinta ya saje da ɓawon itace, kuma sai dare take fita. Wannan kuwa ba ta da tukku, kuma takan yi farauta har da rana. Kukanta fito ne da ke hauhawa sannu a hankali, ta ɗan tsahirta, sannan ta saki dogayen fito masu gangarowa. Sau da yawa hayaniyar ƙananan tsuntsaye da suka yi mata taron dangi ke tona inda take.

3.0 Abinci da Hayayyafa

Abincinta fara ne da ƙwari da ƙadangaru da ɓeraye da ƙananan tsuntsaye. Ba ta saƙa sheƙa. Takan gaji kogon da maƙwaƙƙwafi ya fafe a jikin itace. A nan take yin farin ƙwai 2 zuwa 4, ta kwanta a kansu kimanin kwana 29. 'Ya'yan kan tashi bayan kamar wata guda.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa tsuntsuwar da ake jifa saboda camfi tana rage wa manomi fara da ɓera. Tun da yake ba ta iya fafe kogo da kanta, sare tsofaffin itatuwa domin makamashi na raba ta da wurin haihuwa. Barin irin waɗannan itatuwa a gonaki shi ne matakin farko na kare ta.